Shuɗin hayaƙi idan an tayar da mota: gyaran silin bawul da gayid a tsohon inji

Mota ta kwana a ajiye, ka murɗa makulli, sai ta tofar da curin hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, mai ƙaurin ƙonannen mai. Kafin daƙiƙa ashirin ko talatin ya washe, kuma duk yawon da za ka yi ranar ba za ka sake ganinsa ba sai gobe. Irin wannan hayaƙi galibi daga sama yake fitowa, wato daga kan inji inda bawuloli suke, kuma a injuna da yawa ana iya magance shi ba tare da an sauke kan injin ba. Gyaran shi ne canza sil, 'yar robar da ke hana mai bin sandar bawul. Sharaɗin guda ne: gayid, bututun da sandar ke bi, ya kasance da sauran rai. Sabon sil a kan gayid da ya cinye aikin baban giwa ne, don haka aunawa ita ce rabin aikin.

Kowane bawul yana da doguwar sanda da ke hawa da sauka cikin wani siririn bututu da ke kan inji. Bututun shi ne gayid. Samansa yana cikin wurin da baƙin mai ke fantsama don shafe kamshaf da roka, ƙarafan da ke tura bawuloli su buɗe, ƙasansa kuma yana leƙa hanyar shigar iska ko ta fitar hayaƙi. A bakinsa na sama akwai 'yar hular roba, wato sil. Aikin sil ba busar da sandar ƙaƙaf ba ne. Yana barin ɗan mai kaɗan ya wuce don kada sandar ta kama, ya share sauran. Shekaru da zafi suna busar da robar har ta yi tauri kamar ƙashi, ta tsage ko ta saki sandar. Da ka kashe inji, man da ke sama yana da zafi kuma ya tsinke, sai ya bi sandar yana tsiyaya a hankali. Idan bawul ɗin ya tsaya a rufe, man ya taru a bayansa. Idan a buɗe ya tsaya, ya ɗiga kan fistin. Abin da ya taru cikin dare shi ke ƙonewa lokaci guda da safe.

Tabbatar da inda man ke bi

Fara da launi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da baya washewa, tare da raguwar ruwan lagireto, gasket ɗin kan inji ne ko tsagewa. Farin tururi mai ɓacewa nan take a safiya mai sanyi ba komai ba ne. Namu shuɗi ne ko ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, yana ɗan rataya a iska, kuma hanci ma yana gane shi.

Sai ka lura da lokacin da yake fitowa. Bar injin ya yi zafi sosai, ka ƙyale shi a silo minti goma, sannan ka taka totur sau ɗaya da ƙarfi, wani na tsaye a baya yana kallo. Curin shuɗin hayaƙi da ya fito sau ɗaya ya ɗauke yana nuna sil ko gayid. Dalili shi ne a silo maƙogwaron iska a rufe yake, zuƙar da ke cikin manifol, bututun da ke raba wa silindu iska, tana kan ganiyarta, tana tsotso mai ta gefen sandar bawul ɗin shiga. Haka ma idan ka sauko doguwar gangara a giya ba ka taka totur ba, da ka sake takawa a ƙasa sai hayaƙi ya biyo. Zoben fistin kuwa akasin haka yake yi: hayaƙinsa yana ƙaruwa idan inji na jan nauyi, a hawan tudu ko lokacin wuce wata mota, kuma idan ka buɗe murfin zuba mai za ka ji iska da tururi suna bugowa da ƙarfi.

Awon matsin silinda yana taimakawa. Inji da zafi, an cire dukkan fulogai, an hana fetur da wuta zuwa, totur a buɗe gaba ɗaya, a juya kowace silinda sau biyar ko shida. Bai kamata bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Silindar da ta yi ƙasa, a zuba mata mai kamar mililita 5 ta ramin fulogi a sake aunawa. Idan awon ya tashi sosai, zobe ne. Amma kada ka ba wannan awon amanar da ta fi ƙarfinsa: zoben da ke share mai daban yake da masu riƙe matsi, yana iya maƙalewa da dauɗa alhali awon na nuna lafiya lau.

Duba fulogai ma. Fulogin da ke shan mai daga gayid ɗin shiga yakan tara ɓawon toka a gefe guda, gefen da ke fuskantar bawul ɗin. Idan kuwa ta gayid ɗin fita man ke sauka, yana faɗawa cikin hanyar hayaƙi mai zafi ya ƙone can, fulogi kuma ya fito tsaf. Saboda haka tsabtar fulogi ba ta wanke sil daga zargi.

Kafin ka sayi komai, akwai abubuwa uku masu sauƙi da ke kwaikwayon wannan matsala. Na farko mai da ya wuce alamar geji. Na biyu bawul ɗin PCV, ɗan abin nan da ke zuƙe tururin cikin inji ya mayar manifol. Idan ya maƙale a buɗe yana jan mai kai tsaye, idan ya toshe matsi ya taru ya tura mai ta kowace kafa. Cire shi ka girgiza, irin na da ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras, ka kuma duba ko tiyonsa ya jiƙe sharkaf da mai. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: ramukan da mai ke bi ya koma ƙasa daga kan inji. A injin da aka daɗe ana jinkirta masa canjin mai, dagwalo yana toshe su, mai ya yi tafki har ya shanye bakin gayid. A wannan hali ko sabon sil sai ya bari ya wuce. Cire murfin bawul jim kaɗan bayan kashe inji ka gani. Idan mai na kwance bai sauka ba, buɗe ramukan da waya mai laushi, kana kwashe dattin zuwa waje, kada ka tura shi ciki. Mota mai tabo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, tana da nata silin da kan yi irin wannan hayaƙi. Tsofaffin motoci masu giya otomatik da ke da tiyon zuƙa zuwa akwatin giya su ma kan tsotso man giya idan robar ciki ta fashe, sai dai hayaƙinsa ya fi fari.

Game da man da ake sayarwa don tsofaffin injuna da magungunan da ake zubawa a ciki: suna kumbura roba kaɗan, don haka suna iya rage hayaƙi idan silin ya bushe ne kawai. Robar da ta tsage ko ta farfashe babu abin da zai ɗinke ta. Mai mai kauri ma ɓoye alamar yake yi.

Kayan aiki da irin sil

Za ka buƙaci matsin sifirin, wato abin matse sifirin da ke mayar da bawul ya rufe, irin wanda ke aiki kan inji na ɗaure, ɗan maganaɗisu mai siririn baki, doguwar filayar cire sil, abin tura sil ko dogon soket da ya dace da kafaɗarsa, gudumar roba, sifanar auna ƙarfin ɗauri, agogon awo mai allura idan da hali, tsummoki masu tsabta, sabon gasket na murfin bawul, da littafin gyaran wannan injin. Alƙaluman da ke nan na gama-gari ne, na littafin ke da maganar ƙarshe.

Sil kala uku ne. Akwai ɗan zoben roba da ke zama a tsagi na biyu na sandar bawul, ƙarƙashin hular sifirin, kamar na tsofaffin ƙananan V8 na Chevrolet. Akwai mai siffar lema da ke kama sandar yana hawa da sauka tare da ita, wanda tsofaffin injunan Ford da yawa suka yi amfani da shi. Sai wanda ake dannawa a kan gayid ya zauna daram, da ɗan sifirin a leɓensa yana share sandar, shi ne a kusan duk inji mai kamshaf a sama. Idan akwai zaɓi ka ɗauki na robar Viton, musamman a ɓangaren fita. Robar naitiril ta gama-gari tana fara gajiya wajen digiri 120, Viton kuwa tana jure kusan 200. Na shiga da na fita sukan yi kama amma ba ɗaya ba ne. A injunan Honda da yawa, na shiga ɗan sifirinsa fari ne, na fita baƙi. Ware su tun kafin hannunka ya yi mai.

Buɗe sama da riƙe bawul

Cire kan batir na negatif tukuna. Wanda ya taɓa makulli alhali igiyar riƙe bawul da za mu yi bayaninta a ƙasa na cikin silinda zai iya lanƙwasa sandar fistin. Cire fulogai da murfin bawul, sannan ka cusa tsumma a kowane ramin komawar mai. Kota, wato 'yan makullan nan biyu da ke riƙe hular sifirin, ba su kai ƙwayar wake ba, kuma idan ɗaya ta faɗa rami sai an kwance kwanon mai na ƙasa.

A inji mai sandunan turi aikin da sauƙi: kwance roka, zare sandunan, ka jera su a kwali mai ramuka bisa lambarsu. A mai kamshaf a sama sai ka kawo fistin ɗin silinda ta ɗaya ƙololuwa, wato iyakar hawansa, ka daidaita alamomin taimin, ka ƙara naka da fenti a kan bel ko sarƙa da haƙoran da suke kai. Sassauta murafan kamshaf kaɗan-kaɗan, rabin juyi kowane, bisa jerin da littafi ya bayar, don sifirin na tura shi sama kuma yana iya karyewa idan gefe guda ya saki kafin ɗaya. Kowane murfi yana da wurinsa da fuskarsa. Haka kofunan tafet, da ke zama tsakanin kamshaf da sandar bawul, da faranta masu daidaita rata: wanda ya bar gidansa ya ɓata maka ratar bawul. Idan sarƙa ce, ɗaure ta sama da waya don kada ta zube ciki ko ta cije lokacin da kake juya karanshaf.

Da an cire sifirin babu abin da ke riƙe bawul, zai zame cikin silinda, kuma daga nan sai sauke kan inji. Hanya biyu ake hana hakan.

Ta farko iska ce. Ana ɗaura tiyo a ramin fulogi, a ba silindar iskar kwamfiresa mai matsin da geji ke nuna bar 6 zuwa 7. Tiyon awon matsi yana yi, amma sai an cire ɗan bawul ɗin da ke bakinsa, in ba haka ba iskar ba za ta shiga ba. Kawo fistin ɗin daidai ƙololuwa kafin ka buɗe iska, ta yadda ko wuta ta ɗauke ko tiyo ya fita, bawul zai sauka 'yan milimita ne ya zauna a kan fistin. Matsalar ita ce idan fistin ya kauce daga tsakiya ko kaɗan, iskar za ta tura shi ƙasa da ƙarfi. Saka mota a babbar giya ka ja birkin hannu, ko ka kulle filawil idan otomatik ce. Kuma cire sifana daga notin karanshaf kafin iska ta shiga, don idan ya juya sifanar za ta yi majajjawa.

Ta biyu igiya ce, kuma ga mai aiki shi kaɗai ba gaggawa ita ta fi kwanciyar hankali, domin ba ta yoyo. Samu igiyar nailan mai laushi, mai tsabta, kaurin milimita 6, tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu. Juya karanshaf da hannu har fistin ya rage kamar kwatan juyi ya kai sama. Zura igiyar ta ramin fulogi iyakar abin da ta shiga, ka bar jela mai tsawo a waje da ƙulli a ƙarshenta. Ci gaba da juyawa a hankali har ka ji ya cije. Igiyar ta dunƙule ke nan tsakanin fistin da bawuloli. Da ka ji turjiya ka tsaya, kada ka ƙara ƙarfi. Idan ka gama silindar, mayar da karanshaf baya kaɗan, igiyar za ta zaro salin-alin. Tunda an cire roka ko kamshaf, duk bawuloli a rufe suke, ba ruwanka da ko bugun matsi ne ko na fitar hayaƙi. A inji mai silinda huɗu a jere, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, na 2 da na 3 ma tare.

Cire tsohon sil, da awon da ke yanke hukunci

Kota tana manne wa hular sifirin bayan shekaru. Ɗora soket a kan hular ka ba shi ɗan bugu ɗaya da gudumar roba don ta saki. Idan ka tsallake wannan, matsin zai tura bawul ɗin gaba ɗaya ƙasa, iska ta kuɓuce. Matse sifirin daidai yadda kota za ta fito fili, ɗauke su da maganaɗisu, saki a hankali, ka cire hula da sifirin. Kula da yadda sifirin yake zaune: idan zagayensa sun fi matsuwa a gefe guda, wannan gefen ke kallon kan inji. Kama tsohon sil da filaya, murɗa kaɗan ka ja sama. Kada ka sa sukundireba ka banƙare, za ka karce sandar ko gidan tafet. Sil mai lema sau da yawa za ka tarar ya riga ya farfashe. Tsince gutsattsarin duka, don su ne ke toshe ramukan mai da rariyar famfon mai.

Yanzu ga wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. Naɗa roba ko ka maƙala ɗan kilif a sandar bawul don tsaro. Tabbatar fistin na sama, sannan ka saki iska, ko ka sassauta igiyar kaɗan, bawul ya sauka 'yan milimita daga mazauninsa. Kama kan sandar da yatsu biyu ka kaɗa ta gefe da gefe, musamman ta fuskar da roka ke turawa, don nan gayid ya fi ci. Lafiyayyen gayid da ƙyar za ka ji motsi. Wanda ya cinye za ka ga sandar na rawa da idonka, wani lokaci har da 'yar ƙara. Ja ta sama da ƙasa ka kuma juya ta: idan tana cijewa a wani wuri, ta lanƙwashe ko ta tara kunkunniya. Idan kana da agogon awo, kafa bakinsa a jikin sandar dab da bakin gayid. Can sama kusa da kan sandar motsin yana ninkuwa, ya nuna maka abin da ya fi gaskiya yawa.

Ratar da ke tsakanin sanda da gayid a sabon inji takan kasance wajen milimita 0.025 zuwa 0.06 a bawul ɗin shiga, ta ɗan fi haka a na fita saboda zafi na kumbura shi. A injunan Toyota da yawa iyakar da aka yarda da ita 0.08 ce a shiga, 0.10 a fita. Kada ka haɗa wannan da alƙaluman kaɗawa na wasu kamfanoni. Volkswagen, alal misali, a tsofaffin injunanta masu bawul takwas tana auna kaɗawar a faffaɗan kan bawul ɗin bayan an zaro shi har ƙarshen sandarsa ya yi daidai da bakin gayid, kuma iyakarta milimita 1.0 ce a shiga, 1.3 a fita. Hanyar awo daban, adadi daban. Wanda ya ɗauki adadin wannan ya auna da hanyar waccan zai yanke hukuncin banza.

Idan rawar kaɗan ce, cikin iyaka, ci gaba da sa sil. Idan ta wuce, sabon sil zai tsayar da hayaƙin na ɗan lokaci ne kawai. Sandar da ke kaɗawa tana buɗe leɓen sil ta mayar da shi kamar ƙwai, kuma bawul ɗin baya sauka daidai a mazauninsa, ƙarshenta ya ƙone. Gayid ɗaya ko biyu da suka ɗan wuce iyaka a motar da ba a yi mata dogon buri, mutum na iya sa sil ya san abin da ya saya. Idan yawancinsu ne, rufe ka shirya sauke kan inji.

Sa sabon sil

Shafa farce a tsagin da kota ke zama. Idan akwai kaifi, goge shi da lallausan dutsen wasa ƙarfe, ka share. Idan akwai farantin da sifirin ke zama a kai, kamar yadda yake a kan inji na alminiyam, tabbatar yana wurinsa tun yanzu, domin a injuna da yawa baya wucewa ta kan sil. Saka 'yar hular leda da ke zuwa cikin kwalin sil a kan sandar don ta rufe tsagin. Idan babu, zagaye ɗaya na siririn salatif ya isa. Tsagin nan yana yanka leɓen sabon sil ba tare da ka gani ba, kuma wannan ne babban dalilin da ke sa hayaƙi ya dawo bayan an yi gyara. Shafa mai a sandar da leɓen, zura sil ɗin a miƙe, cire ledar, sannan ka danna da abin turawa ko soket da ke taka kafaɗar ƙarfe kawai, ba leɓen roba ba. Yawanci ƙarfin hannu ya isa, za ka ji ya zauna. Idan sai an buga, bugu biyu marasa ƙarfi. Duka da yawa yana tsaga robar ciki ko ya fitar da ɗan sifirin leɓen. Leƙa da tocila ka tabbatar bai karkace ba kuma tsayinsa ɗaya da na maƙwabtansa.

Mai lema kuwa tura shi kawai ake yi har ya taɓa gayid, zai nemi wurinsa da kansa idan inji ya tashi. Na zoben roba yana da tarko: sai an ɗora sifirin da hula an matse tukuna, sannan a sa zoben a tsagin ƙasa, sannan kota. Wanda ya sa zoben kafin ya matse, hular za ta yage shi a hanyar sauka. Masu son mayar da tsohon inji zuwa sil mai zama a kan gayid su auna tazarar da ke tsakanin ƙasan hula da saman sil idan bawul ya buɗe iyakarsa. Kada ta gaza milimita 1.5, in ba haka ba hular za ta riƙa dukan sil.

Ɗan giris a cikin kota yana manna ta da sandar har ka saki matsi. Bayan ka saki, duba cewa biyun sun zauna daidai, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa kan sandar da gudumar roba, a hankali tunda fistin na kusa. Kota da ba ta zauna ba gara ta fito yanzu. Gama silinda ɗaya kafin ka taɓa ta gaba.

Idan gayid ne ya cinye

Nan aikin ya koma na masu injin gyaran kan silinda, amma ya kamata ka san abin da za ka nema. Awon gaskiya shi ne a auna sandar da maikuromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, a wuri uku, a auna cikin gayid a sama, tsakiya da ƙasa, a debe. Gayid yakan buɗe a bakinsa biyu ya bar tsakiya, don haka awon tsakiya kaɗai yaudara ne. Sandar da ta sirance ita ma sai an canza bawul ɗin.

A kan inji na alminiyam gayid dasa shi aka yi. Ana ɗumama kan zuwa digiri 80 ko 100, a fitar da tsohon ta fuskar da littafi ya ce, a dasa sabo zuwa tsayin da aka ƙayyade, sannan a gyara cikinsa da rima, abin daidaita faɗin rami. A tsofaffin kawunan baƙin ƙarfe da yawa kuwa gayid ɗin rami ne kawai da aka huda a jikin ƙarfen. Ana iya faɗaɗa shi a sa bawul mai sanda mafi kauri, waɗanda aka saba samu da ƙarin milimita 0.08, 0.38 ko 0.76. Ana iya sa masa siririyar rigar tagulla a ciki, gyara mai kyau da ke daɗewa. Ana kuma iya huda shi a dasa gayid sabo. Akwai wata hanya mai araha ta tayar da zare a cikin ramin don ya matse. Tana aiki ga cin da bai yi yawa ba, amma sandar tana hawa ne kan tsinin zaren kawai, ba ta daɗewa ta sake sakwarkwacewa. Ga injin da ake son ya yi shekaru, ba ita ba ce.

Kowace aka bi, dole a sake yanka mazaunin bawul bayan an gama da gayid, domin daga tsakiyar gayid ake auna shi, kuma sabon ba zai faɗa daidai inda tsohon yake ba. Kan inji da aka canza wa gayid aka bar mazauni yadda yake, gyaran gangar Abzinawa aka yi masa. Tunda an sauke, a duba shafewar fuskarsa da miƙaƙƙen ƙarfe, iyakar injuna da yawa milimita 0.05 ce, a sa sabon gasket, a kuma canza kusoshin kai idan irin masu miƙewa ne da ake ɗaurewa da auna digirin juyi. A nemi abin da ya ci gayid ɗin ma. Idan na bawul ɗaya ne ya lalace sauran lafiya, duba bakin rokarsa, wataƙila ya ci yana tura sandar gefe. Idan duk na shiga ne, zargi matatar iska da ke barin ƙura.

Haɗawa da tayarwa

Cire tsummokin nan, ka ƙirga su. Shafa mai a wuyan kamshaf da tudunnan jikinsa masu tura bawul. Kafin ka ɗaure shi, mayar da karanshaf kan alamarsa, don a injin da fistin ke iya cin karo da bawul, kamshaf da aka ɗaure a gurbin da ba daidai ba zai lanƙwasa bawul tun kafin a tayar. Ɗaure murafan bi da bi, kaɗan-kaɗan. Kusoshinsu ƙanana ne, da yawa ɗaurinsu bai wuce Nm 10 zuwa 20 a sifanar auna ƙarfin ɗauri ba, kuma zaren alminiyam baya yafe ƙarin ƙarfi. Bel ɗin taimin da ya tsufa ko ya sha mai kada ya koma. Juya injin da hannu cikakken juyi biyu, alamomi su dawo daidai, kuma kada ka ji ya cije ko'ina. Daidaita ratar bawul idan injin na bukata, ɗiga ɗan silikon a kusurwoyin da murfin kamshaf ya haɗu da gasket, rufe, sa sababbin fulogai, canza mai da matatarsa.

Tashin farko zai yi hayaƙi, wataƙila fiye da da, saboda man da ka shafa da wanda ya daɗe a cikin salansa. Tafet masu aiki da mai ma za su yi ƙara na 'yan mintoci kafin su cika. Yi tafiya mai ɗan nisa har komai ya yi zafi sosai, ka ba shi kwana biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Daga nan cika mai daidai alamar sama a wuri mai shafe, rubuta kilomita, ka riƙa duba geji a wuri ɗaya da inji a sanyaye. A injuna da yawa tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce, don haka bayan kilomita 1000 za ka san nawa yake sha. Idan hayaƙin safe ya tafi amma mai na ci gaba da raguwa kuma babu yoyo a ƙasa, koma kan zoben fistin. Idan kuwa fulogi ɗaya ne kawai ke sake jiƙewa, buɗe wannan silindar: ko leɓen sil ya yanke a tsagin kota, ko sil ɗin ya ɗago daga kan gayid.